Tambaya da Amsa: Kwamfutata ta ƙi tashi, mai gyara ya ce sai an goge komai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon buga takardu a Samarun Zariya, kwamfutar tebur ce ta hannu mai Windows 10. Na yi tafiya na dawo na kunna sai na ga kwanan wata ya rikice, daga nan sai shuɗin allo ya fito da rubutun INACCESSIBLE BOOT DEVICE, ta mutu ta sake tashi haka dai take ta yi. Mai gyara ya ce hadis ɗin (hard disk, ma'ajiyar fayiloli) ne ya lalace sai an yi fomatin, ni kuma ayyukan ɗalibai ne fal a ciki. Dan Allah ya zan yi? Daga mai karatu, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam kar ka bari kowa ya taɓa maka fomatin tukuna, don rikicewar kwanan watan nan da ka ambata ita ce ta tona asirin matsalar. A kan madabod, wato babban faifan da duk kayan cikin kwamfuta ke haɗe da shi, akwai ɗan batiri mai kama da kwabo, CR2032, shi ke riƙe agogo da saitin BIOS (manhajar da ke fara tada kwamfuta kafin Windows ta hau) in ba wuta, to in ya mutu sai komai ya koma yadda ya fito daga kamfani, har da saitin yadda kwamfutar ke magana da hadis.

Wannan saitin kala uku ne yawanci: IDE, AHCI da RAID. IDE tsohon yayi ne, an bar shi ne saboda irinsu Windows XP da ba su zo da direban AHCI (manhajar da ke sa Windows ta gane shi) ba, daga Vista zuwa sama kuwa duk sun san AHCI. Inda gizo ke saƙar shi ne, Windows da wanda aka saka ta a kai da shi take tashi, in an saka ta a AHCI sannan saiti ya juye zuwa IDE ko RAID sai ta nemi hadis ta rasa alhali yana nan lafiya lau, shi ne wannan shuɗin allon da ka gani.

Don shiga BIOS, kana kunnawa ka dinga danna F2 in Dell ce, F10 in HP ce, yawancin haɗaɗɗun kwamfutoci kuma Delete. Nemi inda aka rubuta SATA Operation ko SATA Mode ko SATA Emulation, a tsofaffin BIOS masu shuɗin allo yana ƙarƙashin Integrated Peripherals. Fara dubawa ko sunan hadis ɗinka ya fito, in ya fito to alhamdulillahi. Sa shi a AHCI ka yi sebin ka fita, in bata tashi ba koma ka gwada na gaba, canza wannan saitin shi kaɗai baya goge fayil. Abu ɗaya dai, in ka ga wani allo na tambayarka ka ƙirƙiri RAID volume kar ka yarda, wannan kam yana share hadis.

Tunda ka shiga, leƙa sauran ma, don a nan ake kunna da kashe ramukan da ke jikin madabod: USB, sauti, ramin wayar intanet, da tsofaffin serial da parallel. USB Controller ya zama Enabled, haka Legacy USB Support, in ba haka ba kibod ɗinka na iya ƙin aiki kafin Windows ta hau. In kana da tsohuwar firinta mai faffaɗan kai bar parallel a kunne, yawancinsu ECP suka fi so. Abin da baka gane ba kuma ka ƙyale shi, ba wajen tattaɓe-tattaɓe ba ne.

Sai ka sayi sabon batirin a wajen masu gyaran agogo ko masu kayan kwamfuta, ka zare wayar wuta kafin ka canza, sannan ka sake gyara saitin da kwanan wata, in ba haka ba duk ranar da ka cire soket matsalar zata dawo. Tana tashi kuma ka kwafe ayyukan ɗaliban nan a filasha. In kuwa BIOS ɗin kansa bai ga hadis ba, a duba wayar SATA (wadda ta haɗa hadis da madabod) da ta wuta kafin a yanke masa hukunci.