Tambayoyi da Amsoshi: Za a Iya Jin Siginar Rediyon Jufita da Waya ko Kwamfuta?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ji an ce duniyar Jufita tana fitar da siginar rediyo har ana kamawa daga ƙasa. Rediyon FM na cikin wayata zai iya kamawa?

Amsa: Maganar siginar gaskiya ce, ɗan'uwa, amma rediyon wayarka ba zai kama ba. A 1955 ne Bernard Burke da Kenneth Franklin suka fara jin ta a jihar Maryland ta Amurka, a kan megahaz 22.2. Siginar mai ƙarfi tana tsayawa ne wajen megahaz 39.5, FM kuwa daga 88 zuwa 108 yake. Iyakar tana da dalili: ilektron ne ke kewaya layukan maganaɗisun Jufita suna fitar da siginar, kuma saurin kewayawarsu ya dogara da ƙarfin maganaɗisun wurin. Daga ƙasa kuma akwai wata iyakar, domin saman iskar duniyarmu mai ɗauke da caji, wato ayonosfiya, yana mayar da abin da ya gaza megahaz 10 zuwa 15 sama. Tagar da ta rage mai kyau ita ce 18 zuwa 24, shi ya sa shirin Radio JOVE na hukumar NASA ya zaɓi 20.1.

Wayar Android tana iya zama allo kawai, idan ka haɗa mata na'urar SDR, wato ƙaramar na'urar kama rediyo da manhaja ke sarrafawa, ta kebul ɗin OTG. Ni dai kwamfuta nake ba da shawara, don aikin na ɗaukar bayanai ne na awanni.

Tambaya: Ina da kwamfuta da ƙaramar RTL-SDR. Me ya rage?

Amsa: Fara duba na'urar. Yawancin tsofaffin RTL-SDR daga wajen megahaz 24 suke farawa, sun tsallake inda kake nema. Samfurin V4 yana sauka ƙasa da haka, amma faɗin da yake gani da kyau a lokaci guda wajen megahaz 2.4 ne kawai. SDRplay RSP1A ta fi dacewa, tana nuna 16 zuwa 24 gaba ɗaya.

Babban aikin yana wajen eriya, kuma nan mutane suka fi yin sakaci. Yanki wayar tagulla biyu, kowace mita 3.55. Ka haɗa su a tsakiya da abin da ba ya wuce da lantarki, tsawon duka ya zama mita 7.1, kusan rabin tsawon zangon siginar megahaz 20.1 ke nan. Zuciyar kebul ɗin RG-59 ta kama ɓari ɗaya, ragarsa ta kama ɗayan, ka yi musu dalma, ka rufe kada ruwa ya shiga. Zura zoben ferait, wato zoben tace hayaniyar lantarki, uku ko huɗu a kan kebul ɗin daf da mahaɗar, don kada jikin kebul ɗin ya koma eriya ya kwaso hayaniyar gida. Miƙe wayar daga gabas zuwa yamma, a tsayin mita 3 daga ƙasa, nesa da rufin ƙarfe da wayoyin wuta.

Eriya ɗaya tana kama guguwa mai ƙarfi, wato lokacin da siginar Jufita ta taso sosai. Idan kana da fili, yi biyu a jere, mita 6 a tsakaninsu, ka tara su a na'urar haɗa sigina. Idan kebul ɗin biyun tsawonsu ɗaya, eriyar tsakar sama take kallo. Idan Jufita tana bi ta kudu ko arewa a inda kake, ana ƙara wa eriyar da ke wannan ɓangaren ɗan kebul don a karkatar da kallon.

A cikin manhaja, kashe AGC. Aikinsa shi ne daidaita ƙarar sauti, kai kuma hawa da saukar ƙarfin siginar kake nema. Duk wanda ya bar shi a kunne ya shafe abin da ya fito kamawa.

Tambaya: Na kwana uku ina saurare, shuu kawai nake ji. Na'urar ce ta lalace?

Amsa: Mai yiwuwa lafiyarta ƙalau. Gwada haka: cire eriyar ka dubi layin hayaniya a allo, sannan ka mayar. Idan ya ɗaga sosai, a wuri mai shiru, wannan shuu ɗin na tarin taurarinmu ne, alamar cewa kayanka suna ji. Idan bai motsa ba, nemi tsinkewa a kebul ko dalmar da ta saki.

Jufita ba kullum ake jin ta ba. Siginar tana fita ne a siffar mazurari mai siraran bango, sai bangon ya share ta kanmu mu ji. A 1964 E. K. Bigg ya gano cewa watanta Io yana da hannu a ciki. Duwatsun Io masu aman wuta suna zubar da kusan tan ɗaya na iskar gas kowace daƙiƙa, kuma lantarki mai yawa yana gudana tsakaninsa da Jufita. Jufita tana juyawa cikin awa 9 da minti 55, Io yana zagaye ta cikin kusan awa 42 da rabi, don haka sai ɓangaren Jufita da ke fuskantarmu da matsayin Io sun dace. Haɗuwar da ake kira Io-B ta fi kowace tabbas, sai Io-A da Io-C. Manhajar Radio-Jupiter Pro tana lissafa maka lokutan. Saita agogon kwamfutarka ta intanet, kuma ka lura jadawalin da lokacin UTC yake, wato agogon GMT. Kuskuren awa ɗaya ya isa ka rasa guguwa.

Saurara da dare, an fi so bayan tsakar dare lokacin da ayonosfiya ta yi sirara, Jufita kuma tana cikin awa biyu kafin ko bayan ta kai ƙololuwar sama. Watannin da take kishiyar rana sun fi, abin da ke dawowa duk wata 13. Ko komai ya dace, hasashe ne, wani daren ba za ta yi magana ba.

Tambaya: Yaya zan bambance ta da hayaniyar kayan wuta?

Amsa: Iri biyu ake ji. Na farko shuu ne mai kumbura ya lafa cikin daƙiƙa ɗaya zuwa 'yan daƙiƙu. Na biyu gajeru ne ƙwarai, kamar ana watsa tsakuwa a kan rufin kwano, kuma kowane ɗaya yana gangarowa daga megahaz na sama zuwa na ƙasa da sauri. Cajar waya, ƙwan LED, inbata da na'urar cajin sola suna zana layuka masu tazara iri ɗaya ko su yi gunji mara canzawa. Walƙiya tana zana tsayayyen layi ɗaya a duk faɗin allon. Tashoshin gajeren zango, kamar na megahaz 21.45 zuwa 21.85, ba sa barin mitarsu. Kashe wutar gidan daga babban makunni, ka bar kwamfutar a kan batir. Duk abin da ya ɓace daga gidanka yake. Sai ka riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin.

Tambaya: Kwanon dish na talabijin fa?

Amsa: A'a. Yana aiki ne a gigahaz 10.7 zuwa 12.75, inda abin da Jufita ke fitarwa ya yi wa ƙaramin kwano rauni ƙwarai. Siginar rana ce za ka iya kamawa da shi. Awon Jufita a wannan zango aikin manyan cibiyoyi ne kamar VLA da ke jihar New Mexico ta Amurka, mai kwano 27 kowane faɗin mita 25.