Zan yi dogon hutu a kamfanin zuba jari a Abuja, me zan tarar a can?

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Jos, ina aji uku a fannin tattalin arziki. Wani kawuna ya samo min gurbin IT, wato koyon aiki, na wata uku a wani kamfanin kula da jari a Abuja, amma sun ce kuɗin mota kawai za su dinga ba ni. Ƙawayena da suka yi irinsa sun ce fotokwafi da aike suka sha. Ya cancanci in je? Kuma ina tsoron harkar riba, wato kuɗin ruwa.

Amsa: Wa'alaikis salam ƙanwata. Ki je, amma kafin ki haɗa kaya ki bincika ko kamfanin na da rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar jari, hedikwatarta ma a nan Abuja take kuma sunayen masu lasisi na shafinta. In kamfanin fansho ne to PenCom, hukumar kula da fansho, za ki duba. Ina faɗin haka ne saboda akwai masu ɗaukar ɗalibai da sunan IT alhali so suke ki jawo musu iyaye da dangi su zuba kuɗi, kuma duk mun ga yadda shirin damfara na MMM ya cinye kuɗin mutane a 2016, CBEX ta maimaita a 2025. Ranar da aka ce miki ki kawo kwastoma, ki ɗau jakarki ki fita.

Toh maganar ƙawayenki gaskiya ce, ana yi. A Amurka da Ingila irin wannan shiri na kusan sati goma ne kuma kamfanonin da shi suke tantance waɗanda za su ɗauka aiki bayan digiri, shi ya sa suke ba ɗalibi aiki na gaske. A nan da yawa ba su da tsari, za a ba ki kujera ne kawai, kowa na ta kansa. Saboda haka tun satin farko ki samu oga cikin ladabi ki ce kina so a ajiye ki kusa da masu bincike ko masu yanke shawarar inda za a sa kuɗi, ko da kwana biyu ne a sati. Wannan roƙon shi ne bambancin wadda ta dawo Jos da ilimi da wadda ta dawo da lokbuk cike da sa hannu kawai.

Kar ki sa rai za ki ga ana ihu ana saye da sayarwa. Kasuwar hannun jari ta NGX a Legas take, yawancin dillalai ma can suke. Abuja garin gwamnati ne, nan CBN take, nan DMO mai karɓo wa gwamnati bashi take, ga PenCom, ga NSIA mai juya asusun ajiyar ƙasa, don haka abin da za ki fi gani shi ne takardun bashin gwamnati, kuma wallahi wannan ba ƙaramar sa'a ba ce gare ki tunda fiye da rabin kuɗin fanshon ƙasar nan a cikinsu yake. Ki koyi yadda ake gwanjon tireshari bil, wato takardun bashin gwamnati na gajeren lokaci, na kwana 91 da 182 da 364, ki fahimci dalilin da ya sa farashin takardar bashi ke faɗuwa idan kuɗin ruwa ya hau: wanda ke riƙe da tsohuwa mai biyan kaɗan dole ya rage kuɗinta kafin a saya, tunda sabuwa ta fi ta biya. Duk ranar da hukumar ƙididdiga ta NBS ta fitar da alƙaluman hauhawar farashi ko kwamitin CBN ya zauna kan kuɗin ruwa, ki lura da abin da mutanen ofis ke cewa, ki rubuta, washegari ki tambayi wanda ya fi sakin fuska me ya sa suka canza shawara. Abin da kika karanta a aji a nan zai zauna miki.

Excel kuwa ba makawa, ki fara tun yanzu. Sannan ki zaɓi kamfani ɗaya, ko na siminti ko na sadarwa, ki sauke rahotonsa na shekara uku ki fitar da ciniki da riba da bashi da abin da ya raba wa masu hannun jari, ki rubuta shafi biyu kan ko ya cancanci a saya, ki kai wa oga ya yi miki gyara. Ni in ina intabiyu wannan nake tambaya, domin satifiket kowa na da shi, amma wadda za ta iya kare shafi biyu da ta rubuta da kanta ba su da yawa. Abu ɗaya dai, bayanan kwastoma amana ce, ba a ɗaukar hotonsu, ba a kai su WhatsApp.

Batun riba damuwarki na kan hanya, kuma hukuncin zama a wurin don koyo malamai za ki tambaya, ni ɓangaren aikin na sani. Akwai fanni guda na jarin da babu ruwa a ciki kuma yana girma. Gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na farko, wato takardar jari marar ruwa, a 2017, naira biliyan 100, aka yi hanyoyi da shi, bankin Jaiz marar ruwa na aiki tun 2012, PenCom ma ta buɗe asusu na shida marar ruwa a 2021. Ki tambaya ko kamfanin na da irin wannan asusu ki nemi a haɗa ki da mai kula da shi, ki ga yadda ake cire kamfanonin giya da caca da masu bashin ruwa mai yawa. Masu haɗa lissafi da fiƙihun ciniki kaɗan ne, ana nemansu.

Sai kuɗi. In a Maraba ko Nyanya za ki sauka kuma ofis na Maitama ko Wuse, ki yi lissafin mota da gosulon safe tun kina gida, ki faɗa wa kawu gaskiyar abin da zai ishe ki a wata. In sashenku na cikin SIWES, shirin gwamnati na tura ɗalibai koyon aiki, ki kammala takardunki da ofishin SIWES na makaranta kafin ki taso, hedikwatar ITF mai kula da shirin ma ai tana nan Jos kusa da ke.