Ban yi boko ba, me zan iya yi wa ɗana a karatun sakandare?

Tambaya: Wani magidanci manomin shinkafa daga Argungu ya rubuto cewa ɗansa yana aji biyu na babbar sakandare, amma makinsa na lissafi da Turanci kullum ƙasa yake yi. Shi bai yi boko ba, yana son ya san ko da abin da zai iya yi, ko kuwa aikin malamai ne kaɗai.

Amsa: Malam, damuwarka tana kan hanya, domin jami'o'i, har da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, suna neman kiredit 5 a WAEC ko NECO, ciki har da darussan nan biyu. Kuma babban kaso na gyaran yana hannunka.

Ka fara da zuwan yaron makaranta. A lissafi kowane darasi a kan na baya yake hawa, saboda haka yaron da aka ɗauke mako biyu domin dashe ko yankan shinkafa a fadama zai koma ya tarar an wuce shi, kunya ta hana shi tambaya, daga nan giɓin ya yi ta faɗi har ya tsani darasin. Idan aikin gona ya zama dole, a bar masa shi zuwa Asabar da Lahadi.

Bayan sallar isha'i ka ce ya kawo littafin rubutunsa. Ko ba ka karanta Turanci, za ka ga kwanan wata a saman shafi, za ka kuma ga jan biron malami. Idan shafuka sun yi ta wucewa babu jan biro, ko yaron ba ya miƙa aiki, ko malamin ba ya dubawa. Mahaifiyarsa ma ta rage masa aike a wannan lokacin.

Kada ka jira ranar karɓar sakamako. Ka je wurin malamin ajinsa a tsakiyar zango, ka tambaye shi kwana nawa yaron ya yi fashi da abin da ya ci a gwaje-gwajen aji, domin makinsu yana shiga sakamakon ƙarshen zango. A aji mai cunkoso, malami ya fi sa ido a kan yaron da ya san fuskar ubansa.

Malamai kuwa, a ganina bai wadatar ba a ce wa uba "ɗanka ba ya ƙoƙari". A faɗa masa da Hausa babin da ya gagari yaron, a ba shi aikin da zai yi a gida, a kuma sa ranar da uban zai dawo a sake dubawa tare.