Tambayi Gwaggo: Faransanci a bakin yaro da tafiya ƙauyen da kwalta ba ta kai ba

Assalamu alaikum Gwaggo, ina wuni, ya iyali?

Ni 'yar Damagaram ce. A can na yi lakwal, wato makarantar boko, har na ci jarrabawar BAC ta gama sakandare, na koyar da 'yan firamare shekara uku, sannan aure ya kawo ni wani ƙauye a ƙaramar hukumar Maigatari. Maigidana falken dabbobi ne. Yaron da ke hannuna shekararsa 2 da wata 4. Tun yana jariri nake yi masa Faransanci, sauran mutanen gida kuwa Hausa suke yi masa. Inna, mahaifiyar maigidan, ta ce ina harɗe masa harshe. Ga ɗan facalata da aka haife su wata ɗaya har ya iya kai ƙara, nawa kuwa in yana jin ƙishirwa sai ya ce "Mama ba ni lo", wato ruwa. Rannan ina lallaɓa shi ina cewa "fais dodo", wato yi barci, sai Inna ta ɗaga labule ta ce wane dodo nake kira wa jikanta da tsakar dare. Shin in daina?

Na biyu, kakata ta wajen uwa tana wani ƙauye a ƙasar Dungas, inda sai an sauka daga mota an hau babur ko amalanke. Ta tsufa, kuma ba ta taɓa ganinsa ba. Ina so mu je mu yi wata guda, ina ganin a can Faransancinsa zai zauna daram tunda Nijar ce. Maigida yana ɗari-ɗari da hanyar. Ki ba ni shawara.

Daga 'yarki a ƙasar Maigatari.

Wa alaikumus salam 'yata. Na lura har kika rufe wasiƙar ba ki kama sunan yaron ba, na ce to, ɗan fari ne, lakwal ba ta raba ki da kunya ba. Allah ya raya shi.

Maganar dodon nan ta sa ni dariya har jikata ta leƙo ta ga ko lafiya. Ki shirya, akwai wadda ta fi ta tana tafe. Ranar da zai tsaya a tsakar gida yana matse ƙafafu ya ce "caca", shi kashi yake ji, Inna kuwa ta amsa da "na'am" don ta ji an kira kaka. A gidana an yi wannan, kuma sai da na yi kwana biyu ina sunkuyar da kai in na haɗu da surukata a bakin randa.

Kada ki daina. Ni da girmana na koyi Faransanci, da ƙamus da hawaye, har sai da aka tura mu ƙauyen koyon Faransanci na Badagry, wanda gwamnatin tarayya ta buɗe a 1991. Na dawo na yi shekaru ina koyar da shi a sakandaren 'yan mata a nan Jigawa. Tun 1996 Janar Sani Abacha ya ce Faransanci ne zai zama harshen hukuma na biyu a Najeriya, amma ni na san abin da ɗalibaina suke fita da shi bayan shekara uku: "Bonjour madame", sai ƙirga ɗaya zuwa goma. Abin da muka kasa ɗura musu da alli da bulala, naki yana tsotsarsa tare da nono, ba ko sisin kwabo.

Harshe biyu ba ya hana yaro magana. Ki ɗauko kaye, wato littafin rubutu irin na 'yan lakwal, ki yi mako guda kina rubuta duk kalmar da ta fito daga bakinsa, ta Hausa da ta Faransanci, har da waɗanda ke kaɗai kike ganewa. Ki haɗa su duka ki ƙirga. Abin da likitocin yara suke dubawa a shekara 2 shi ne kalmomi kamar 50 da iya haɗa kalma biyu wuri guda. Inna tana auna shi da Hausa kaɗai, rabin kayansa ke nan take gani, ɗaya rabin yana ɗakinki. Ki kuma sake duba "ba ni lo" ɗin nan. Ginin jimlar Hausa ne tsaf, ya ajiye komai a mazauninsa, kalma ɗaya kawai ya aro daga gare ki. Mu manya ma haka muke yi. Ku can kuna cewa kamiyo da mushe da balo, mu nan muna cewa tirela da ticha da ƙwallo, ba wanda ya ce harshen wani ya harɗe. In Inna ta sake tayar da zancen, ki tuna mata cikin ladabi da 'ya'yan Fulanin da ke kawo muku nono. Fillanci a ruga, Hausa a kasuwa, tun ba su iya ɗaura zani ba. Haka 'ya'yan Mangawa a ƙasar Haɗejiya. Ga shi nan gaba kaɗan za a sa shi makarantar allo ya fara da Larabci, kuma ba wanda zai ce uffan.

Akwai inda za ki damu, amma ba ruwan Faransanci a ciki. In kin kira shi ta baya bai waiwayo ba, ko kunnensa yana fitar da ruwa, ko kin ce ya kawo takalminsa bai gane ba a kowane harshen, ko kalmomin da ya iya a da sun fara ɓace masa, to ki kai shi asibiti a fara duba kunnen. Kada a tsaya jiran ya girma.

Tsarin da kike bi, mutum ɗaya harshe ɗaya, tsoho ne. Wani masanin harshe Bafaranshe, Jules Ronjat, ya rubuta yadda ya yi da ɗansa tun 1913: shi Faransanci, matarsa Jamusanci. Sai dai ke a gidanku ke kaɗai ce, ga uba ga kaka ga facaloli ga yaran unguwa duk Hausa. Kuma yaro ba wawa ba ne, ya san kina jin Hausa sarai. Ki sa rai in ya kai shekara 3 ko 4 za ki yi masa Faransanci ya mayar miki da Hausa. A nan yawanci ake karaya. Kada ki hana shi ruwa don bai ce "de l'eau" ba, kada ki yi masa tsawa. Ki maimaita abin da ya faɗa da Faransanci, ki miƙa masa mazubin, ki ci gaba da harkarki. Wanka, ba shi abinci, shafa mai, kwanciya, waɗannan lokutanki ne, ki cika su da surutu da waƙa. Sunan kowane abu da hannunsa ya taɓa, akuya, tsintsiya, ludayi, ki faɗa masa.

Ita kuwa Inna, ban tsammanin Faransancin ne yake ci mata rai ba. Tsohuwa tana zaune a gidanta, ana magana da jikanta a gabanta da yaren da ba ta ji, dole zuciya ta raya mata abubuwa. In tana wurin ki yi masa Hausa, ko ki faɗa ki fassara mata tana ji. Ki roƙe ta ta riƙa yi masa tatsuniya bayan isha'i, ki ce ke ba ki iya ba kamar ita. Ranar da ta ji ya ce "gatanan gatananku" da muryarta, za ta sakar miki mara.

Ni ban yi wannan dabarar ba. Babbar 'yata na fara mata kamar yadda kika fara, dangin mijina suka sa mini suna Baturiya, in na shigo taron suna sai a fara zunɗe. Na yi zuciya na bari tana shekara 3. Kafin ta shiga firamare ko kalma ɗaya ba ta rage ba. Yau tana da 'ya'ya huɗu, in ta zo sai ta ce, "Mama, me ya sa kika bari?" Ba ni da amsa.

Waya ba za ta yi miki aikin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon allon waya ko talabijin, in an rage ma ya fi. Abin da zai amfane shi shi ne ƙannenki na Damagaram su riƙa aiko masa saƙon murya ta WhatsApp suna kiran sunansa, shi ma ya mayar. Duk wanda zai tsallaka kuma ki ba shi saƙon littattafan 'yan CI, wato aji ɗaya na firamare, masu hotuna.

Yanzu maganar tafiya. A nan sai kin yi haƙuri da ni, don zan fasa miki ƙwai. Ke da kanki kin sani, ɗoki ne ya sa kika manta: a ƙauyen Dungas ba a Faransanci. Hausa ake yi a rijiya, Hausa a gona, Hausa a gindin murhu. Faransanci yana aji da ofis da bakin 'yan lakwal. Hukumar Nijar ma a 2025 Hausa ta ɗauka a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci a matsayin harshen aiki. In kika kai shi wata guda wajen kakarki, Hausar Damagaram zai dawo da ita, wataƙila ma ke kanki ki ji nauyin yi masa Faransanci a gaban tsofaffinki. Ki je saboda tsohuwar nan ta ɗora shi a cinya ta sa masa albarka tun tana da rai, wannan kaɗai ya isa dalili. In Faransanci kike nema, ki raba tafiyar biyu. Kwana goma a ƙauye, sauran a cikin Damagaram gidan 'yan uwanki masu yara 'yan lakwal. Ki ce su yi wasa da shi da Faransanci. Abin da yaro zai kwasa a bakin yaro ɗan uwansa a yini ɗaya, uwa sai ta yi mako. Da yamma ki goya shi ku zaga Birni, ya ga fadar Sarkin Damagaram da manyan duwatsun nan, garin da ya riƙe hedikwatar Nijar kafin a mayar da ita Yamai a 1926.

Lokaci shi ne babba. Ba damina ba, ga laka ga sauro. Ba bazara ba, daga Maris zuwa Mayu, zafi da sanƙarau da ƙyanda. Ki bari a gama girbi, wajen Nuwamba, kafin hunturu ya yi tsanani. Hanya ta bushe, rumbu ya cika, masu masauki ba za su takura ba.

Na taɓa yin irin wannan tafiyar da autana yana goye, za mu gaisuwar mutuwa wani ƙauye bayan an tsallaka iyaka. Motar a-kori-kura ce, mu da buhuna da tumaki biyu. Da azahar ta nutse a yashi har gindi. Maza suka sauka suna tono da hannu suna saka kirare a ƙarƙashin taya, mu mata muka fake a gindin wata aduwa mai inuwa kamar ta rariya. Ruwan da na riƙo gora ɗaya ce, ta ƙare tun kafin la'asar, na ba shi na wata rijiya da ke kusa. Cikin dare ya fara zawo. Babu kemis, babu asibiti sai an yi tafiya mai nisa. Wata tsohuwa ta tafasa mini ruwa, na haɗa ruwan gishiri da sukari a hasken aci-balbal: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Shi na yi ta ɗura masa da cokali har gari ya waye. Tun daga ranar ba na fita da yaro sai da ƙullin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinc a jaka. Ke ma ki saya tun daga gida, ki haɗa da maganin zazzaɓi na yara da gidan sauro. Ruwan shansa ki tafasa kullum, ko mutanen gidan za su ce kin cika iyayi. In jikinsa ya yi zafi, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe, ki nemi inda za a gwada jininsa. Kafin ki tafi ki tambayi kawunnanki ina ne asibiti mafi kusa da su, kuma wa ke da babur a garin.

A kan babur ki goya shi da zani da majanyi ki ɗaure tamau, ki rufe masa kai saboda ƙura. Ban yarda da ɗora yaro a kan tanki ba, yashi yana kwashe taya ba sallama. Ku bi ranar kasuwa don a samu motoci da abokan tafiya, ku fita da sassafe, kada magariba ta same ku a hanya.

Takardu kuma ki riƙe katin shaidarki, takardar haihuwarsa da katin rigakafinsa, ki duba an yi masa ta ƙyanda da ta shawara da ake yi a wata 9. Al'amarin iyaka ya sha canzawa. An rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, aka buɗe a Maris 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Don haka ki tambayi wanda ya tsallaka a makon nan, ba wanda ya je bara ba. A nan maigidanki ya fi ni da ke sani. Falken da ke cin kasuwar Maigatari duk Alhamis yana zama da mutanen da suka kwana a kan hanyar, ya san inda ake bi da inda aka daina bi. Ɗari-ɗarin da yake yi kada ki ɗauke shi ƙiyayya da danginki. Ki ce shi ya zaɓi ranar, ya canzo miki sefa, in da hali ya raka ku ya gaida tsohuwa ya juyo. In ya ce a dakata wannan watan, ki dakata.

Ki yi wa kakarki tsarabar goro da sabulu da turmin atamfa. Kafin ranar tafiya kuma ki zaunar da yaron ki koya masa "sannu Kaka" da Hausa tsantsa, ki tabbata ya raba ta da waccan kalmar, don tsohuwar ƙauye ba za ta karɓi bayanin da surukata ta karɓa ba.