Amsa a kan kalmar cantor

To, salama 'yan'uwa, barkanmu da yamma. Ƙanwata, na ji tambayarki, kin ce kin ga an rubuta cantor a takardar tsarin sujada wurin wani ɗaurin aure a cocin Katolika, kina so ki san ko shi ne kwayamasta. A'a, ba shi ba ne. Kuma ba shi da dangantaka da kantoma, kafin wani ya fara zolaya.

Kalmar daga Latin take, yaren Rumawan dā. Canere a wurinsu rera waƙa ne, cantor kuwa mawaƙi, shi ke nan. Da ta shigo coci ne ta zama sunan aiki. A Katolika, in an gama karatu na farko, mutum ɗaya zai fito ya rera Zabura, ya yi baiti jama'a su yi amshi, ya sake wani su sake amsawa. To wannan mutumin ne cantor. Kamar dai yadda a Zumuntar Mata uwa ɗaya take ba da waƙa sauran suna karɓa. Shi kwayamasta ai baya yake ba jama'a, mawaƙansa yake kallo. Wannan kuwa jama'a yake fuskanta, aikinsa ya sa su buɗe baki. Shi ya sa ni ba na jin daɗin masu maƙalƙale murya har a rasa inda za a kama amshin.

Amma fa a Jamus abin ya sha bamban. Bayan zamanin Martin Luther, a cocin Lutheran, mai wannan sunan shi ne shugaban kiɗa da waƙa gaba ɗaya, kuma malamin makaranta. Johann Sebastian Bach, shahararren mai tsara kiɗa da waƙa, muƙamin da ya riƙe ke nan a cocin Toma na birnin Leipzig, daga 1723 har ya rasu a 1750. Majalisar gari ce ma ta ɗauke shi aiki. Ga horar da yara mawaƙa, ga waƙoƙin coci huɗu a wuyansa, a shekarun farko kusan kowace Lahadi sai ya kawo sabuwar waƙa. Har darasin Latin aka ɗora masa, ya ce a'a, ya riƙa biyan wani yana koyarwa.

Yahudawa ma suna da mai jan addu'a da waƙa a majami'a, su hazzan suke ce masa, Turawa suka laƙa masa wannan sunan.

Sakatare, in za ka buga tsarin sujadarmu da Hausa, ka sa "mai ba da waƙa", kowa zai gane. Sai mun haɗu wurin koyon waƙa ran Alhamis.