Kawu ya ce in sauya kwas, ina zango na biyar a Jamus

Wani ɗalibinmu a Oldenburg ya rubuto cewa yana zango na biyar a digirin injiniyancin fiziks, amma kawunsa, wanda ya taimaka masa da kuɗin tafiya, ya dage sai ya koma injiniyancin gine-gine, wai mai fiziks ƙarshensa alli da allo. Har an haɗa shi da wani ejan da zai samo masa gurbi a wata makaranta.

Ƙanena, kada ka motsa. A Jamus takardar zamanka ɗaure take da kwas ɗin da kake yi. A zanguna ukun farko ofishin baƙi yakan bar ɗalibi ya sauya ba tare da wahala ba, amma ka wuce nan. Yanzu sai ka gamsar da su cewa za ka gama cikin shekara 10 da ake ƙyale ɗalibi gaba ɗaya, kuma suna iya ƙi. Ko sun yarda, kowace shekarar da ka ƙara sai ka sake nuna kuɗin zama, wanda ya kai Yuro 11,904 tun Satumbar 2024. Kawu zai biya?

Shi kuwa ejan, ka rabu da shi. Na ga yaron da irinsu suka karɓe wa kuɗi suka miƙo masa takardar gurbi ta bogi, ya janye daga makarantarsa kafin gaskiya ta fito, ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Neman gurbi ta uni-assist, cibiyar da ke tantance takardun ɗalibai baƙi a madadin jami'o'in Jamus da dama, Yuro 75 ne, kuma da kanka za ka cike.

Kawu bai fahimci abin da kake karantawa ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba, don a gida jami'o'i kaɗan ne ke da shi, irin su Obafemi Awolowo a Ile-Ife. Ka kira shi cikin ladabi ka yi masa bayani. Kwas ɗinku haɗin gwiwa ne da makarantar Emden/Leer, ana ƙwarewa a kan hasken leza, na'urorin asibiti, sauti ko makamashi mai sabuntuwa. Cibiyar binciken lantarkin iska ta ForWind tana nan garinku, kamfanoni irin su Zeiss da Trumpf kuma aikinsu ya shafi hasken leza. Da ka gama, doka ta ba ka wata 18 ka nemi aiki. Alherin da ya yi maka ya cancanci godiya da addu'a har abada, sai dai bai ba shi ikon rusa karatun shekara biyu da rabi ba, alhali kai ne za ka tsaya gaban jami'in ofishin baƙi.

Idan damuwarsa ita ce a kira ka Injiniya in ka dawo Najeriya, wannan hurumin COREN ne, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista. Ka aika musu jerin darussanka ka ji matsayinsu. In da giɓi, sai ka cike shi da digiri na biyu a fannin lantarki, wanda ci gaba ne a kan takardar zamanka ta yanzu.