Tambaya da Amsa: Wa ya ɗaure wa Steve King gindi shekara 18 a majalisar Amurka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makarantar sakandare ce a Zariya. Muna hira da abokan aiki kan siyasar Amurka sai wani ya kawo labarin ɗan majalisa Steve King, ya ce ya yi shekaru yana zagin baƙi 'yan ci-rani da Musulmi a bainar jama'a kuma ana ta sake zaɓensa. Shin gaskiya ne? In haka ne, me ya hana a kore shi daga majalisa, kuma me ya kayar da shi a ƙarshe?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Abokin aikinki bai yi ƙari ba. Steve King ɗan jam'iyyar Republican ne daga jihar Iowa, ya zauna a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa farkon 2021, wato sau tara yana cin zaɓe, tunda wa'adin ɗan majalisar wakilai a can shekara biyu ne. An haife shi a 1949 a garin Storm Lake. Kafin siyasa ɗan kwangila ne mai aikin haƙa da motocin tura ƙasa, daga nan ya shiga majalisar dattawan jiharsa a 1997, inda ya tsaya kai da fata har aka yi dokar da ta mai da Turanci harshen hukuma na Iowa a 2002.

Abin da na fara saninsa da shi ya faru a 2006, a zauren majalisa. Ya zo da ɗan samfurin katangar da yake so a gina tsakanin Amurka da Mexico, ya tsaya gaban 'yan majalisa yana harhaɗa ta guntu-guntu, sannan ya ɗora waya a samanta. Ya ce za a iya sa wa wayar lantarki, ba wanda zai kashe mutum ba, wanda dai zai hana shi taɓawa, ya ƙara da cewa ai haka suke yi wa dabbobi kullum. Mutanen da yake magana a kansu iyaye ne da 'ya'ya masu neman abin sawa a baka. Wannan shekara goma ke nan kafin Donald Trump ya ci zaɓe da alkawarin katanga.

Daga nan bakinsa bai huta ba. A 2008 ya ce in Barack Obama ya zama shugaban ƙasa, 'yan al-Qa'ida za su fito suna rawa a tituna, ya kuma jawo sunan Obama na tsakiya, Hussein, a matsayin hujja. A 2013, yana magana kan yaran da aka shigo da su Amurka tun suna ƙanana ba tare da takardu ba, ya ce a duk guda ɗaya da ya zo na ɗaya a makaranta akwai ɗari da ƙwaurinsu ya kumbura saboda dakon tabar wiwi a hamada. Kakakin majalisa na lokacin, John Boehner, wanda ɗan jam'iyyarsu ne, ya yi tir da maganar, amma iyakarta ke nan. An ga tutar 'yan tawayen kudu, waɗanda suka yi yaƙi don kare bauta a yaƙin basasar Amurka, a kan teburin ofishinsa, alhali jiharsa Iowa dubban 'ya'yanta ta tura suka yaƙi waɗannan 'yan tawaye. A Maris 2017 ya rubuta a Twitter yana yaba wa Geert Wilders, ɗan siyasar Holan da ya yi suna wajen ƙin Musulunci, ya ce ba za su iya farfaɗo da wayewarsu da jariran wasu ba. David Duke, tsohon jagoran ƙungiyar Ku Klux Klan mai ƙin baƙar fata, ya fito ya jinjina masa.

Wadda ta shafi Musulmi kai tsaye, kuma ina jin ita abokin aikinki yake nufi, ta zo a 2018. Iowa ita ce kan gaba a Amurka wajen noman masara da kiwon alade, kuma manyan masana'antun sarrafa nama na yankin da ƙarfin baƙi suke tafiya: 'yan Mexico, 'yan kudu maso gabashin Asiya, 'yan Afirka. King ya ce a wata hira ta rediyo ba ya son Musulmi 'yan Somaliya su yi aiki a masana'antun naman alade na mazaɓarsa, tunda ba sa ci. Wannan ta tsaya mini a rai. Mutum ya gudo daga yaƙi, ya karɓi aikin da 'yan ƙasa da yawa ba sa so, tsaye yini guda cikin sanyi da wuƙa a hannu, sai wakilin yankin a majalisa ya ce addininsa ya isa dalilin raba shi da abincinsa. Garin da aka haifi King ɗin kansa, Storm Lake, yau waɗannan baƙi ne suka cika makarantunsa da shagunansa.

To me ya hana a kore shi? Tsarin mulkin Amurka ya ba majalisa ikon korar ɗanta, amma sai da ƙuri'ar kashi biyu cikin uku. A duk tarihin Majalisar Wakilai mutum shida kaɗai aka taɓa kora: uku saboda goyon bayan tawaye lokacin yaƙin basasa, sauran kan rashawa da zamba, na baya-bayan nan George Santos a Disamba 2023. Ba a taɓa korar kowa don furuci ba.

Sai dai, Malama, doka ba ita ce babbar garkuwarsa ba. Jam'iyyarsa na da hanyoyin ladabtar da shi tun 2006, ba ta so ba ne, domin yana da amfani a wurinta. Iowa ce jihar da Republican ke fara zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa, kuma arewa maso yammacin jihar, inda King ke da ƙarfi, cike yake da masu ra'ayin riƙau da ba sa fashin fitowa zaɓe. Duk mai neman takara sai ya je ya gaishe shi, har farautar tsuntsaye suke binsa don a ɗauke su hoto tare. A 2016 yana cikin shugabannin yaƙin neman zaɓen Sanata Ted Cruz na ƙasa, kuma Cruz ne ya ci zaɓen fid da gwani na Iowa. Ga shi kuma yana da kujera a kwamitin noma, abin da manoman masara ke gani a matsayin bakinsu a Washington.

Lissafin ya fara juyawa a Oktoba 2018. King ya goyi bayan Faith Goldy, mai aƙidar fifita farar fata, a takarar magajin garin Toronto. Aka kuma gano cewa ya je Austriya ya yi hira da wata kafa mai alaƙa da jam'iyyar masu tsattsauran ra'ayi ta ƙasar, bayan wata ziyarar da ya kai sansanin Auschwitz, inda 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa kisan kiyashi. Ana cikin wannan ce-ce-ku-ce wani ɗan bindiga ya kashe mutum 11 a wurin ibadar Yahudawa a Pittsburgh. Kamfanoni irin su Intel da Land O'Lakes suka janye tallafinsu. A zaɓen Nuwamba, a mazaɓar da Trump ya ci da ratar kusan maki 27 shekara biyu kafin nan, da ƙyar King ya sha da kusan maki uku a hannun J.D. Scholten na Democrat, tsohon ɗan wasan ƙwallon baseball da ke yawon kamfe a cikin wata tsohuwar mota mai ɗakin kwana. A nan jam'iyya ta gane kujerar da take ganin tata ce har abada tana iya suɓucewa.

Wata biyu bayan haka, a Janairu 2019, jaridar New York Times ta ruwaito shi yana tambayar yaushe kishin farar fata da fifita farar fata da wayewar Yamma suka zama kalmomin ɓatanci. Ya musanta cewa haka yake nufi, ya ce a kan wayewar Yamma kaɗai yake tambaya, kuma har yau yana cewa shi ba mai wariyar launin fata ba ne. Wannan karon ba a saurare shi ba. Kevin McCarthy, jagoran Republican a majalisar, ya cire shi daga dukkan kwamitocinsa: na shari'a, na noma da na ƙananan sana'o'i. Majalisa ta zartar da ƙudurin yin tir da aƙidar fifita farar fata da ƙuri'a 424, ɗaya tal ya ƙi. King da kansa yana cikin masu amincewa. Wanda ya ƙi shi ne Bobby Rush, baƙar fata daga Chicago, saboda yana ganin ƙudurin ya yi sauƙi, a tsawata wa King a hukumance yake so. Ina tare da Rush a wannan.

Ɗan majalisar da ba shi da kwamiti ba shi da hannu sosai a tsara doka, galibi sai dai ya kaɗa ƙuri'a in an kawo ta zaure. Wannan ne makamin da Randy Feenstra, ɗan majalisar dattawan jihar, ya ɗauka a zaɓen fid da gwani na 2 ga Yuni 2020. Na bi tallace-tallacen kamfensa, kuma abin da ya dame ni shi ne bai gina yaƙinsa a kan abin da King ya faɗa game da baƙi ko Musulmi ba. Cewa ya yi King ya rasa kujerar kwamitin noma, ba zai iya kawo wa manoma komai ba, ba zai iya taimaka wa Trump ba. Manyan jam'iyya da ƙungiyar 'yan kasuwa ta Amurka suka mara masa baya da kuɗi, ya ci da ratar kusan maki goma. Duk da haka fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu ƙuri'ar ranar King suka zaɓa. A Nuwamba Feenstra ya doke Scholten cikin sauƙi, kujerar ta ci gaba da zama ta Republican.